Kowa Ya Ci Zomo Ya Ci Gudu: Bashin Da Ke Kan Baƙo A Bakin Tafkin Superior

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Abin nufi shi ne, babu lomar da take isa baki sai wani ya sha wahala a kanta, ko mai ci ya sani ko bai sani ba. To, amma karin maganar nan ta yi shiru a kan abu guda. Idan wani ne ya yi gudun, wani kuma dabam ya ci naman, shin akwai abin da ake bin wanda ya ci? In kuwa akwai, mene ne shi, kuma wa za a biya, tun da yake mai gudun ya daɗe da kwanta dama?

Wannan ita ce tambayar da muke so mu tattauna a wannan maƙala. Don kada maganar ta tsaya a iska, mun ɗauki misalin wuri guda, wato gaɓar arewa ta Tafkin Superior a jihar Minnesota ta ƙasar Amurka, inda masaukan baƙi suka yi suna wajen ciyar da masu yawon shaƙatawa. Dalilin da ya sa muka zaɓi wurin shi ne, tarihin yadda ya sauya hannu gajere ne, kuma a rubuce yake, har mutum yana iya bin sawunsa shekara bayan shekara, tun daga farantin da ke gabansa zuwa takardar da aka sa wa hannu aka ba da ƙasar.

Wurin Da Abin Da Ake Ci

Tafkin Superior yana tsakanin Amurka da Kanada. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 82,000, kuma babu wani tafkin ruwan daɗi a duniya da ya kai shi faɗi. Mutanen Ojibwe, waɗanda Turawa suka tarar a wurin, suna kiransa Gichigami, wato babban ruwa. Daga birnin Duluth zuwa iyakar Kanada tafiyar kimanin kilomita 240 ce, a kan wata hanya mai lamba 61 da take bin gaɓar, duwatsu da daji a hagu, ruwa mai sanyin ƙanƙara a dama, ba a hango ɗaya gefen.

A kan wannan hanya ake samun masaukan da muke magana. Akasarinsu na katako ne, da babban zaure na cin abinci, da murhun dutse, da tagogi masu kallon ruwa. Abin da baƙo ya fi nema a teburinsu shi ne kifin tafkin, soyayye ko banda, da miyar wata shinkafa doguwa mai duhu da take tsirowa da kanta a cikin ruwa, da zumar da ake dafawa daga ruwan wata bishiya, sai kuma cincin da dunƙulen nama irin na mutanen Suwidin da Norwe. Mai karatu ya lura da jerin nan da kyau, domin kowane abu a cikinsa hannun wata al'umma ne. Shinkafar da zumar na Ojibwe ne. Dunƙulen naman na baƙin da suka ƙetaro teku ne. Kifin kuwa dukkansu sun rayu a kansa.

Mu Hausawa mun san santi, wato halin da daɗin abinci yake sa mutum ya saki baki ya faɗi abin da bai shirya ba. Akwai wani irin santi da ya fi wannan yawa, ko da yake ba a yi masa dariya, shi ne wanda daɗi yake sa mutum ya ɗauka cewa wurin da yake zaune tun fil azal don jin daɗinsa aka tanade shi.

Inda Labari Yake Farawa

Al'ada ce ta tsofaffin gidajen abinci a ko'ina su ba da labarin kafuwarsu, a bayan takardar jerin abinci ko a jikin bango, tare da tsohon hoton mai gidan na farko. Labarin da ya fi shahara a wannan gaɓa shi ne na Lutsen. A shekarar 1885 wani saurayi ɗan ƙasar Suwidin mai suna Charles Axel Nelson ya kama fili a bakin kogin Poplar, inda yake zuba cikin tafkin, ya kafa gida, ya shiga sana'ar su. A lokacin babu hanyar mota, saboda haka duk matafiyin da dare ko iska ta tare a wajen, gidan Nelson da matarsa Anna yake sauka, a ba shi abinci da wurin kwana. Sannu a hankali karɓar baƙi ta zama sana'a, gidan ya zama masauki, har ya zo ana kiransa masaukin shaƙatawa mafi daɗewa a jihar. Sunan garin ma daga Lützen aka ɗauko shi, filin dagar da Sarkin Suwidin Gustavus Adolphus ya mutu a 1632.

Labari ne mai daɗi, kuma babu ƙarya a cikinsa. Matsalarsa guda ce, ita ce inda ya fara. Duk wanda ya taɓa riƙe alƙalami ya san cewa jimlar farko ita ce take yanke hukunci a kan wanda zai zama mai gida a cikin labari da wanda zai zama ɗan rakiya. Idan aka ce, "A 1885 wani mutum ya zo," to an riga an mayar da duk abin da ya gabaci 1885 daji da ruwa kawai. Ashe ana iya jera gaskiya zalla daga farko har ƙarshe, amma mai sauraro ya tashi da fahimtar da ba daidai ba.

Kafin Zuwan Masu Masauki

Mu koma baya kaɗan. Dubban shekaru kafin Turawa, mutane suna haƙar jan ƙarfe a tsibirin Isle Royale da ke cikin tafkin. Ojibwe kuwa, bisa ga tarihinsu na baka, daga gabas suka taso, suna bin umurnin su yi ta tafiya har sai sun isa wurin da abinci yake tsirowa a kan ruwa. Wannan abinci shi ne shinkafar nan, wadda suke kira manoomin. Ana girbinta a ƙarshen Agusta zuwa Satumba. Mutum biyu ne a kwalekwale, ɗaya yana tura shi da gora, ɗaya yana tanƙwaro zangarniya da sanda yana kaɗe ta da wata sandar. Abin da ya zuba cikin ruwa shi ne irin baɗi. Bayan haka sai shanya, da suya, da sussuka da ƙafa, da shiƙa.

A ƙarni na 18 ƙarshen gaɓar ya zama babban zangon fataken fatu. A wurin da ake kira Grand Portage, 'yan dako sukan sauke kwalekwale, su ɗauki kaya a ka da baya, su bi wata turba ta kimanin kilomita 14 don kauce wa gangaren kogin Pigeon. Kowane ɗauri ya kai kilo 40, kuma biyu mutum yake ɗauka a tashi ɗaya. Turbar nan ta 'yan ƙasa ce tun kafin fatake, haka ma fasahar ƙera kwalekwalen da ɓawon itace, haka ma abincin da ya riƙe fataken a hunturu. A 1803 kamfanin North West ya tattara ya koma gefen Kanada, zango ya watse, amma Ojibwe suna nan.

Abin da ya sauya kome shi ne labarin jan ƙarfe. A 1850 gwamnatin Amurka ta nemi ta tayar da Ojibwe na bakin tafkin zuwa yamma. Aka ce su je Sandy Lake su karɓi kuɗin da ake biyansu duk shekara, aka ja musu rai har sanyi ya shigo, abinci ya ƙare, cuta ta ɓarke. Kimanin mutum 400 suka mutu, wasu a can, wasu a kan hanyar komawa gida. Shekara 4 bayan haka, ran 30 ga Satumba, 1854, aka zauna a La Pointe aka sa hannu a yarjejeniyar da ta miƙa wa Amurka dukkan wannan gaɓa. A madadin haka aka yi musu alkawarin biya na shekara 20, aka keɓe musu yankunan zama na dindindin, ciki har da Grand Portage da Fond du Lac, kuma suka riƙe haƙƙinsu na farauta da su a cikin ƙasar da suka miƙa. Mai karatu ya riƙe wannan sharaɗi na ƙarshe, za mu dawo kansa.

Ana gama sa hannu masu neman jan ƙarfe suka kwararo. Ba su samu abin kirki ba, akasarinsu suka watse. Garin da ya tsaya da ƙafarsa shi ne Beaver Bay, wanda wasu Jamusawa 'yan gidan Wieland suka kafa a 1856, daga baya suka gina injin yankan katako. Daga baya tama ta fito, aka fara lodinta a tashar Two Harbors a 1884. Shekara guda bayan haka ne Nelson ya kama filinsa. Ke nan tsakanin yarjejeniyar da kafuwar Lutsen shekara 31 ce kacal, ba ta kai rayuwar mutum ɗaya ba.

Adalci Ga Baƙin Da Suka Zo

A nan wajibi ne mu yi hattara, kada garin gyaran gira mu rasa ido. Mutanen da suka zauna a gaɓar daga shekarun 1880 ba sarakuna ba ne, ba kuma 'yan mulkin mallaka masu bindiga ba. Talakawa ne da ƙarancin ƙasar noma ya koro daga Norwe da Suwidin. Iyalan da suka kafa garin Tofte a 1893 masunta ne. Mutum yakan fita da asuba a ɗan ƙaramin jirgin katako, a cikin Nuwamba, lokacin da kifi yake matsowa gaɓa, lokacin kuma da tafkin ya fi haɗari, ya jawo taru da hannu, ruwa yana daskarewa a jikin rigarsa. Mata da yara su feɗe, su sa gishiri, su cusa a ganga, a jira jirgin da zai kwasa zuwa Duluth. Jirgin da suka fi dogara da shi, mai suna America, ya yi ta zirga-zirga daga 1902 har ya nutse a 1928. Da yawa daga cikin masaukan gaɓar daga gidajen irin waɗannan masunta suka tsiro, bayan da aka kammala hanyar mota a tsakiyar shekarun 1920, matan gida suka ga cewa kwanan baƙo ɗaya yana iya fin gangar kifi riba. Su ma sun yi gudu, kuma zomon da suka kama da guminsu suka kama shi.

Haka kuma zaman bai kasance na gaba zalla ba. Tsakanin 1879 da 1899, mutumin da yake kai wasiƙu tsakanin Two Harbors da Grand Marais ɗan Ojibwe ne mai suna John Beargrease, shi da 'yan'uwansa. Da zafi ya bi ruwa, da hunturu ya bi tudu da keken ƙanƙara wanda karnuka suke ja. Duk Banorwen da yake jiran labarin tsohuwarsa daga gida, ƙarar ƙararrawar karnukan Beargrease yake saurare. Ya rasu a 1910, kabarinsa yana Beaver Bay, kuma tun 1980 ake yin tseren karnuka da sunansa. Wato dai mai gida ne ya zama ɗan aiken baƙo, ya kuma riƙe amanar har shekara 20.

Suna A Bango, Mutum A Waje

Misalin da ya fi fito da tambayarmu fili shi ne masaukin Naniboujou, kimanin kilomita 23 gabas da Grand Marais, a bakin kogin Brule. An buɗe shi a watan Yuli na 1929 a matsayin kulob na attajirai, wanda sai mai rajista yake shiga. Cikin 'yan kulob na farko akwai ɗan wasa Babe Ruth, da ɗan dambe Jack Dempsey, da marubuci Ring Lardner. Wata uku bayan buɗewa kasuwar hannun jari ta New York ta rushe, kulob ya durƙushe, daga baya ginin ya zama masaukin kowa da kowa.

Zauren cin abincinsa abin kallo ne. Murhunsa na duwatsun bakin tafki ne, nauyinsa tan 200. Rufin an lanƙwasa shi kamar kwalekwalen da aka kife. Bango da rufi duk an lulluɓe su da zane ja da rawaya da shuɗi, wanda mai zane Antoine Gouffee ya yi yana kwaikwayon adon ƙabilar Cree. Sunan gidan kuwa na Nanabozho ne, gwarzon tatsuniyoyin Ojibwe. Yana da wayo da ɓarna irin na Gizo, amma ya fi Gizo girma a wurinsu, domin shi ne suke cewa ya sake gina ƙasa bayan ambaliya. Kamar yadda ba ma yin tatsuniya da rana, su ma ba su ba da labarinsa sai da hunturu, in dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa.

To, a ranar da attajiran nan suka zauna cin abincin buɗe gida a ƙarƙashin wannan zane, akwai wani yaro ɗan Ojibwe mai shekara 9 a wani ƙauye da ake kira Chippewa City, dab da Grand Marais, tafiyar da ba ta kai ta awa guda a mota ba. Sunansa George Morrison, an haife shi a 1919 cikin talauci. Ƙauyen nasu ya riga ya kama hanyar mutuwa: gobarar daji, da rashin aikin yi, da harajin fili, da hanyar motar da ta ratsa ta cikinsa, duk sun taru sun watsa mutane, har ya zamana abin da ya rage a tsaye shi ne ɗan cocin katako da aka gina a 1895. Yaron nan ya girma ya zama ɗaya daga cikin manyan masu zane na Amurka, ya dawo Grand Portage ya ƙare rayuwarsa yana zana layin da ruwan tafkin yake haɗuwa da sama, ya rasu a 2000. A 2022 gidan waya na Amurka ya buga zane-zanensa a kan kan sarki.

Ba mu kawo wannan don mu ci mutuncin Gouffee ba, aikinsa yana da kyau, kuma ya daɗe. Abin lura shi ne yadda ake iya son adon mutane, da sunan gwarzonsu, da shinkafarsu, alhali su kansu ba a tanadar musu kujera ba. Ado ba ya neman haƙƙi, ba ya kai ƙara kotu, ba ya tuna wa kowa da alkawari. Shi ya sa ya fi mai shi sauƙin karɓa.

Tafkin Ma Yana Da Nasa

Akwai mai bin bashi na uku wanda ba ya magana, shi ne ruwan da kifin. Da aka faɗaɗa mashigar Welland don jiragen ruwa su kauce wa gangaren Niagara, sai wata halitta ta teku mai kama da ƙaton matsattsaku ta biyo hanyar. Takan manne a jikin kifi ta tsotse jininsa. Ta haɗu da yawan kamu, suka kusa ƙarar da babban kifin tafkin, wanda Ojibwe suke kira namegos, a shekarun 1950. Masunta da yawa suka rataye taru. Ban da wannan, daga tsakiyar shekarun 1950 kamfanin Reserve Mining da ke Silver Bay ya riƙa juye tarkacen dutsen tama cikin tafkin, har tan 67,000 a kowace rana. A 1973 aka gano wasu ƙananan zaruruwa masu kama da asbestos a ruwan shan Duluth. A watan Afrilu na 1974 alƙali Miles Lord ya rufe masana'antar, kotun sama ta buɗe ta cikin 'yan kwanaki, ba a daina zubarwar ba sai a 1980.

Abin da ya biyo baya yana da darasi. Amurka da Kanada, da jihohi, da hukumomin ƙabilu, suka yi shekaru fiye da 60 suna yaƙar matsattsakun, suna ƙayyade kamu, suna zuba 'ya'yan kifi. A 2024 aka bayyana cewa namegos ya farfaɗo a akasarin tafkin. Mafi yawan waɗanda suka yi wannan aiki ba su ne suka yi ɓarnar ba, wasunsu ma ba a haife su ba a lokacin. Duk da haka babu wanda ya ce, tun da ba ni na ɓata ba, ba ni zan gyara ba.

Hujjojin Masu Cewa Babu Bashi

Yanzu mu saurari ɗaya ɓangaren, domin suna da abin faɗa. Na farko zai ce, "Ni kuɗina na biya na ci. Ban kori kowa ba, ban halarci La Pointe ba, kakana ma watakila yana wata nahiya a lokacin. Don me za a ɗora mini laifin da ban aikata ba?" Wannan magana gaskiya ce, kuma mun yarda da ita ɗari bisa ɗari: laifi ba a gadonsa. Amma laifi dabam, bashi dabam. Wanda ya gaji gona ya gaji iyakarta, ya gaji jinginar da ke kanta, ya gaji hanyar da maƙwabta suke bi ta gefenta zuwa rafi. Ba ya cewa zai karɓi amfanin ya bar nauyin. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Takardar mallakar kowane masauki a gaɓar nan, in aka bi ta baya, a kan yarjejeniyar 1854 take tsaye. Wanda ya dogara da sashen da ya ba da ƙasa, ba shi da bakin musun sashen da ya bar wa Ojibwe farauta da su.

Na biyu zai ce, "Ai babu wanda ya tsiro daga ƙasa. Ojibwe ma sun tarar da Dakota da Cree a yankin, har an gwabza. In za a bi wa ya riga wa, ina za a tsaya?" Ita ma wannan hujja tana da ƙarfi, kuma ita ce ta sa ba mu kafa maganarmu a kan riga zuwa ba. Mun kafa ta a kan alkawari. Alkawarin a rubuce yake, kuma waɗanda aka yi wa suna raye, da majalisarsu da makarantarsu a Grand Portage. A 1985 suka kai jihar ƙara a kan haƙƙin nan, a 1988 aka yi sulhu. A 1999 Kotun Ƙoli ta Amurka, da ƙuri'a 5 a kan 4, ta tabbatar da irin wannan haƙƙi a shari'ar Mille Lacs, wadda ta shafi yarjejeniyar 1837. Ashe maganar ba ta mutu ba, balle a ce ana tonon tsohon kabari.

Na uku zai ce, "Mutum ya zo hutawa, a bar shi ya ci abincinsa cikin kwanciyar rai." Mu ma ba mu ce a mayar da teburin cin abinci zauren makoki ba. Sanin wanda ya daka ba ya rage daɗin tuwo. Ɗan da ya san wahalar da uwarsa ta sha kafin ta sauke tukunya, shi ya fi cin abincin da natsuwa, shi kuma ya fi wuyar zubar da saura.

Da Me Ake Biya?

In mun yarda akwai bashi, to a ganinmu hanyar biyansa uku ce, kuma babu wadda ta fi ƙarfin mutum.

Ta farko ita ce faɗin labari daga inda ya kamata ya fara. Wannan ya rataya a wuyan mai masauki da duk wanda aka ba aikin rubuta 'yan layukan nan na bayan takardar abinci. Jimla biyu sun isa a ce ƙasar wa ce, a wace shekara ta sauya hannu, da wane sharaɗi. Nelson ba zai ragu da kome ba don an ambaci waɗanda ya tarar.

Ta biyu ita ce kuɗin ya bi hannun da ya yi aikin. Tun daga shekarun 1960 ake noman shinkafar nan a fadamun kamfanoni, a Minnesota, daga baya kuma a Kalifoniya, ana girbe ta da inji ana sayarwa da araha da sunan ta daji. Baƙon da ya tambaya, "Wannan ta kwalekwale ce ko ta gona?" ya riga ya fara biya, domin tambayar mai saye ita take juya kasuwa. Haka kifin: 'yan masuntan da suka rage a gaɓar ba su da yawa, kuma sayen nasu shi ne yake riƙe sana'ar.

Ta uku, wadda ta fi nauyi, ita ce cika alkawari a lokacin da cikawar take da ciwo. Yabon al'adar mutane ba shi da tsada. Ranar gwaji ita ce ranar da ɗan Ojibwe ya shimfiɗa tarunsa a ruwan da mai yawon shaƙatawa yake so ya jefa ƙugiya, ko ranar da ƙabila ta ce ruwan wata ma'adina zai kashe mata shinkafa. Akwai alamar cewa abin yana yiwuwa. A 1958 mutanen Grand Portage suka ba da filin tsohon zangon fatake aka mayar da shi wurin tarihi na ƙasa, kuma tun 1999 suke gudanar da shi tare da hukumar gwamnati. Mai gida ya koma bakin ƙofa yana yi wa baƙo maraba da kansa.

Kammalawa

Masaukin Lutsen ya ƙone a 1949, ya sake ƙonewa a 1951, aka gina wanda mai tsara gini Edwin Lundie ya zana a 1952. Ran 6 ga Fabrairu, 2024, shi ma wuta ta cinye shi ƙurmus, da zaurensa da teburansa da tsofaffin hotunansa. Mutane sun yi baƙin ciki ƙwarai, domin a nan aka yi bikin wasu, a nan kakannin wasu suka kawo su suna yara. Baƙin cikin nan na gaskiya ne, kuma shi ne ya kamata ya buɗe musu ƙofar fahimtar na wasu. Wanda ya ji zafin rasa zauren da yake zuwa sau ɗaya a shekara, ya auna yadda mutanen Chippewa City suka ji da suka rasa ƙauye guda.

A taƙaice, amsar tambayarmu ita ce, i, akwai abin da ake bin wanda ya ci naman da bai yi wa gudu ba. Ba a neman ya amayar da abin da ya ci, ba a kuma neman ya sunkuyar da kai don laifin wani. Abin da ake nema ya san sunan mai gudun, ya faɗe shi in yana ba da labari, ya kuma sauke abin da aka yi wa magadansa alkawari. Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa, hantsi yana yi ya tafi. Sai dai raɓar kirki ba ta tashi ta bar ganye ya fi yadda ta same shi bushewa.